Idon Na'ura a Tsakar Gida



Duk wanda ya ratsa Kantin Kwari a Fagge, ko ya bi France Road a Sabon Gari, ya ga kyamarori maƙale a ƙofofin kantuna. To, kyamara gani kawai take yi, ba ta san mai ciniki daga ɓarawo ba sai ɗan Adam ya zauna ya kalla. Wannan mai kallon shi ne batuna yau, amma a gida, ba a kasuwa ba.

Masana suna gina abin da suke kira gida mai wayo, wato inda ake liƙa ƙananan na'urori jikin ƙofa da famfo da gado, domin kwamfuta ta riƙa lura da tsoho ko majinyaci. Abin da na'urorin ke rubutawa bai wuce "ƙofa ta buɗe, ruwa ya zuba" ba. Saboda haka sai a ɗauki bidiyon masu gidan, a ba wani ya bi shi daki-daki yana sa wa kowane motsi suna: nan girki, nan barci, nan faɗuwa. Da waɗannan sunaye kwamfuta ke koyo. Haka aka yi a PlaceLab, gidan gwajin da jami'ar MIT ta buɗe a Amurka a 2004.

A nan fa gizo ke saƙa. Alal misali, dattijo a Fagge ya buɗe famfo da asuba, can kuma sai ga goshinsa a ƙasa. Baƙon da bai san alwala da sujada ba yana iya rubuta cewa tsoho ya wanke hannu ya faɗi. Kwamfuta kuwa ta haddace ke nan, ta dinga tada hankalin iyali sau biyar a yini. Ashe aikin na ɗan gari ne, irinku. Amma wane magidanci ne zai so ɗan unguwarsu, wanda iyakarsa zaure, ya wuni yana kallon tsakar gidansa?

Kada ku ce tsoron banza ne. A 2022 mujallar MIT Technology Review ta bayyana yadda hotunan da na'urorin shara na gwaji, samfurin Roomba, suka ɗauka cikin gidaje suka fita ta hannun masu sa suna a Benezuwela, har da na wata mata a bayi. Kamfanin ya ce masu gwajin sun sa hannu a takardar yarda.

Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, ta 2023, ita ma ta ba yarda muhimmanci. Sai dai ku da za ku riƙe ofisoshi gobe ku duba irin gidajenmu. Maigida ne zai sa hannu ya fice kasuwa. Waɗanda kyamara za ta wuni da su kuwa su ne uwargida da amarya da yara, da maƙwabciyar da ta shigo aron rariya ba wanda ya tambaye ta.