Jifan Faifai: Daga Filin Makarantarmu Zuwa Budapest

 

Da Sakatare ya aiko mini da takarda cewa in yi magana a kan wasanni a wannan taro, na san abin da mafi yawanku kuke tsammani, watau ƙwallon ƙafa. To ku yi mini afuwa. Ni a kan jifan faifai zan yi magana, wasan nan da ake yi can ƙarshen fili ranar gasar gida-gida, lokacin da kowa ya tafi kallon gudun ba-ni-in-ba-ka. Ina da dalili, kuma kafin in zauna zan kawo roƙo gaban kwamiti.

Waɗanda muka yi aji ɗaya da su za su tuna ni ne mai jifa na gidanmu a shekararmu ta ƙarshe. Ba don na iya aka zaɓe ni ba, sai don na fi kowa tsawo. Faifai ɗaya tak makaranta take da shi, na katako mai bakin ƙarfe, bakin ma yana girgiɗi. Ana fito da shi daga sito saura mako guda gasa, a zana da'ira da toka a ƙasa, a ce mu yi ta gwadawa. Ranar gasa, jifana na uku ya wuce na kowa. Don murna sai na yi tsalle na fita ta gaban da'irar na nufi inda faifan ya faɗi. Alƙali ya ɗaga hannu ya ce jifa ya lalace. Na yi gardama har na kusa kuka, amma shi ne mai gaskiya. Doka ta ce mai jifa ba zai fita ba sai faifai ya sauka, kuma ta rabin baya zai fita. Ba wanda ya taɓa gaya mini. Na zo na huɗu, gidanmu kuma ya rasa makin da yake nema. Har yau akwai wani a zauren nan da ba ya gaishe ni sai ya tuna mini, ga shi can yana dariya.

Tun daga ranar wasan ya shiga raina. Saboda haka bari in ba ku labarin gasar da na fi jin daɗin kallo, watau wasan ƙarshe na maza a Gasar Guje-guje da Tsalle-tsalle ta Duniya da aka yi a Budapest, babban birnin Hangari, a watan Agusta na 2023. A talabijin na kalla, ba zuwa na yi ba; albashin ma'aikacin gwamnati bai kai nan ba tukuna.

Amma kafin nan, ga yadda abin yake, don ƙannena su gane. Faifan manyan maza kilo 2 ne, nauyin ledar ruwa huɗu ke nan, faɗinsa kuma kimanin santimita 22. Da'irar da ake tsayawa a ciki ta siminti ce, faɗinta mita 2 da rabi, an kewaye ta da keji na raga, sai ƙofa ɗaya ta gaba. Mai jifa yakan fara ne ya ba fili baya, ya juya sau ɗaya da rabi, sa'an nan ya saki faifan ya fita ta kan ɗan yatsansa manuni yana katantanwa. Tilas ya sauka tsakanin layi biyu da suka buɗe da kusan digiri 35. In ƙafarka ta taɓa saman bakin da'ira ko wajenta, jifa ya lalace ko da ya kai bangon duniya. A wasan ƙarshe na Budapest mutum 12 ne, kowa ya yi jifa uku, aka ɗauki takwas na sama aka ƙara musu uku. Jifanka mafi nisa shi kaɗai ake lissafawa.

Wani abin mamaki, iskar da take busowa daga gaba ita ce mai jifa yake so, ba wadda take bayansa ba, domin ita take ɗaga faifan ta riƙe shi a sama kamar fiffiken jirgi. Mu a da muna jiran iska ta biyo bayanmu, ashe kanmu muke cuta.

To, a Budapest mutum uku ake kallo. Akwai Kristjan Ceh na ƙasar Sulobeniya, dogo ne ƙwarai, ya haura mita 2, shi ne kuma ya ci gasar 2022 a Amurka da mita 71.13. Sunan nan nasa, yadda Bahaushe zai karanta shi haka masu shi suke faɗa. Akwai Mykolas Alekna na Lituweniya, yaro ɗan shekara 20 a lokacin, wanda mahaifinsa Virgilijus ya ci zinariyar Olamfik sau biyu, a 2000 da 2004. Na ukun shi ne Daniel Stahl na Suwidin, wanda ya fi su shekaru.

Shi Stahl ɗin nan ya san ɗacin wasan. A gasar duniya ta Landan a 2017 ya jefa mita 69.19, Andrius Gudzius na Lituweniya ya jefa 69.21. Santimita 2 suka raba shi da zinariya, abin da bai kai tsawon gaɓar yatsa ba. Ya dawo ya ci a Doha a 2019, ya ci Olamfik a Tokyo a 2021, amma a 2022 ko tagulla bai samu ba, na huɗu ya zo. Mutane suka fara cewa zamaninsa ya wuce, yara sun taso.

Da aka shiga zagaye na shida a Budapest, Stahl ne a gaba, amma da ɗan kaɗan, kuma ba wanda ya kai mita 70. Ceh ya shiga keji ya yi jifansa na ƙarshe. Allo ya nuna 70.02. Ya karɓe gaba. Saura jifa ɗaya tak a gasar duka, na Stahl.

Ina so ku tsaya a nan ku yi tunanin halin da mutumin yake ciki. Zinariya tana hannunsa minti biyu da suka wuce, yanzu ta fita. Minti ɗaya doka ta ba shi ya fara. Abin da zuciya take gaya wa kowa a irin wannan lokaci shi ne ya saka ƙarfi duka, ya yi sauri. Nan kuwa tarkon yake, domin wanda ya yi gaggawa a farkon juyi, hannunsa zai riga ƙafarsa, faifai ya tafi raga ko shi ya faɗo waje. Ƙarfin jifa daga ƙafa da ƙugu yake tasowa, hannu shi ne na ƙarshe, kamar bakin bulala. Stahl ya shiga, ya juya yadda ya saba juyawa, ya saki, ya tsaya cikin da'irarsa. Mita 71.46. Ba a taɓa jifa mai nisan haka ba a tarihin gasar. Kusan kashi biyu cikin uku na tsawon filin ƙwallon ƙafa ke nan. Ceh ya zo na biyu, Alekna na uku da 68.85. Ni kuwa ihun da na yi sai da maƙwabcina ya ƙwanƙwasa ƙofa yana tambaya ko lafiya.

Kada wani ya ce sa'a ce. A Tokyo, cikin Satumba na 2025, ruwan sama ya yi ta zuba, da'ira ta yi santsi, manyan ƙarti suna zamewa suna faɗuwa. Alekna yana gaba da 67.84, alhali a watan Afrilu na shekarar ya kafa bajintar duniya ta mita 75.56. Stahl ya sake zuwa jifansa na ƙarshe ya yi 70.47, ya sake ɗaukar zinariya. Abin da mutum ya maimaita sau dubbai a da'ira ta gaskiya, shi jikinsa yake tunawa ranar da hankali ya tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa saura mako guda muke fafe namu.

Na san wani zai ce wannan wasan Turawa ne masu cin nama da madara. Ba haka ba ne. A Olamfik ta Faris a 2024, Roje Stona ne ya ci wa Jamaika zinariya da mita 70.00, ya wuce Alekna da santimita 3. Kuma tun kafin a haifi yawancinmu, ɗan Nijeriya Adewale Olukoju ya ci zinariyar jifan faifai a Wasannin Ƙasashe Renon Ingila a Okland ta ƙasar Niyu Zilan, a 1990. Dogaye masu dogon hannu ba su yi mana ƙaranci ba. Ku dubi layin baya na ɗaliban nan. Akwai yaran da ba za su taɓa shiga tim ɗin ƙwallo ba saboda nauyin jiki, sai a bar su da ɗaukar bokitin ruwa, alhali da'irar nan tasu ce.

Da safen nan na zagaya ƙarshen fili. Wurin da muke zuba toka ciyawa ta cinye shi. Malamin wasanni ya gaya mini ya daina sa jifan faifai cikin gasar gida-gida, don ba keji, kuma hanyar da yara suke bi zuwa ɗakin cin abinci ta nan ta ratsa. Ban ga laifinsa ba. Faifai ko na yara ne, in ya kuɓuce ya sami kan mutum, ba a maganar asibiti kusa.

Ga roƙona ga kwamiti. Cikin kuɗin da muka ware wa wasanni bana, wanda na ga a takardar Ma'aji kusan duka jesi ne da ƙwallaye, a cire kaɗan a zuba da'ira ta siminti mai mita 2 da rabi, a can kusurwar da ba hanya. A sa maƙeri ya kafa turakun ƙarfe a ɗaura raga mai ƙarfi. A sayi faifai na ɗalibai, mai kilo 1 da rabi na samari, da mai kilo 1 na masu koyo, kada a ba yaro ɗan aji uku na manya ya ɓata kafaɗarsa. A kuma rubuta dokokin a allo a kafa kusa da wurin, ta farko ita ce a fita ta baya.

Simintin da'irar ni na ɗauka, na riga na gaya wa Ma'aji ya rubuta. In Shugaban Makaranta ya amince, zan riƙa zuwa Asabar ɗin farko ta kowane wata in taya malamin wasanni. Mai tuna mini da makin gidanmu kuwa, Shugaba, ina ba da shawara a ɗora masa kuɗin raga.