Ma'aunin Ingancin Tsofaffin Wasannin Bidiyo da Aka Kwaso zuwa Na'urorin Gida

Tsofaffin wasannin bidiyo an fara yin su ne don manyan akwatuna masu cin kwabo da ake girkewa a shaguna a Japan da Amurka. Daga baya aka riƙa sake rubuta su don ƙananan na'urorin da ake jona wa talabijin. Jikokin waɗannan na'urori ne ake gani a kasuwanni irin na Dogon Dutsi da Tibiri a Nijar: kwaikwayon Famicom ta Nintendo ta 1983, ƙirar Sin, da kaset mai alƙawarin wasanni dubbai. Idan aka kunna, sai a tarar da 'yan wasanni ƙalilan ne aka yi ta maimaitawa da sabon suna.

Wajen auna ingancin wasan da aka kwaso, abu na farko da ake dubawa shi ne ko wasan ya iso cikakke. Donkey Kong na 1981 yana da filaye 4, amma na Famicom ya zo da 3. Street Fighter II na Capcom, na 1991, maɓalli 6 yake buƙata, alhali madannin na'urar Mega Drive na farko 3 gare shi, sai a 1993 aka fito da mai 6.

Sai saurin wasa, wanda ya fi shafar wannan yanki. Talabijin ɗin Japan da Amurka na sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, na Turai da Nijar sau 50. Wasan da ba a gyara masa lissafi ba yana raguwa da kusan kashi 17 cikin 100, har kiɗansa ya yi nauyi. Hannu ne yake gane wannan kafin ido: a danna maɓalli, a ji ko tsallen ya zo a kan lokaci.

Ma'auni mafi wuya shi ne adalci ga na'urar kanta. Atari 2600 tana da ƙwaƙwalwar aiki ta bayit 128 kacal, wadda ba ta kai saƙon tes guda cikakke ba. Duk da haka Space Invaders da aka kwaso mata a 1980 ya karɓu, saboda an riƙe zafin wasan. Pac-Man na 1982 kuwa, wanda Tod Frye ya rubuta a kaset mai kilobayit 4, ya sha suka: an canja fasalin fili, an canja sauti, dodannin wasan huɗu kuma suna ta ƙiftawa kamar tocila mai mataccen batir, domin ɗaya bayan ɗaya ake zana su. An sayar da kusan miliyan 7, wanda ke nuna ciniki daban, inganci daban.

A nan ne aikin masu sha'awa, waɗanda ke rubuta sabbin wasanni a gida don tsofaffin na'urori, ya zama shaida. Dennis Debro ya sake rubuta Pac-Man a kilobayit 4 ɗin nan, ya fito kusa da na asali ƙwarai. Ed Fries ya matse Halo 2600 a daidai wannan girma a 2010. Sai dai su ba kamfanin da ya tsaya musu a ka, kuma sun gaji dabarun shekaru masu yawa. Don haka ana auna aikinsu da tambaya mai tsauri: yana tafiya a kan na'urar gaske, ko a manhajar kwaikwayo kawai? Wanda bai tashi a na'urar gaske ba, aikinsa bai kammala ba.