Amsar Takardunku: Mai Fitowa a Ɓarawo Cikin Wasa Ɓarawo Ne?

Takardar wannan mako ta fito ne daga wani manomi a Kuchi, cikin ƙaramar hukumar Kebbe. Ya ce ɗansa da ke karatu a Tambuwal zai fito a wasan kwaikwayo na makarantarsu, kuma shi aka ba matsayin ɗan damfara mai sayar da takin zamani gauraye da yashi. Wasan na ban dariya ne, amma akwai sata da farautar mai laifi a ciki. Yana tambaya: ya je kallo, ko ya hana yaron, kada mutanen gari su laƙaba masa sunan ɓarawo?

To malam, amsarmu ita ce ka je, har ma ka ja maƙwabtanka.

Da farko dai, kwaikwayo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Yaran da ke tashe cikin azumi suna sa gemun auduga su zama tsofaffi. A wasan kalankuwa, bayan an kawar da amfanin gona, samari kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu. Babu wanda ya taɓa kai ƙara gaban wannan alƙali washegari. A rubuce ma, ɗan ƙasar Sakkwato ne, Abubakar Tunau, ya rubuta Wasan Marafa. Kuma duk wanda ya kalli marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, yana rigima a Karambana, ya san rigimar ta wasa ce.

Na biyu, irin wannan wasa yana da amfani ga aljihunka. Dubi yadda ake shirya shi. Kai da ke zaune kana ganin lokacin da ɗan damfara ke zuba yashi cikin buhu, amma mai saye bai gani ba. Sai ka yi dariya, gabanka kuma yana faɗuwa, kana cewa a ranka, "Wayyo, kada ka biya!" Wannan faɗuwar gaba ita ce karatun. Ranar da wani ya tare ka a kasuwar Tambuwal ko Dogon Daji da zaƙin baki da farashi mai araha fiye da kima, yana cewa ka yi sauri motarsa za ta tashi, za ka tuna ka taɓa ganin wannan hannu. Sai ka ce a kwance buhu ka gani.

Amma kallo yana da ladabinsa. Ka isa da wuri. In abin ya ɗauki zafi, kada ka yi tsawa kana nuna wa ɗan sandan wasa inda ɓarawo ya ɓuya, balle jifa. Masu wasan suna gabanka ne da ransu, ba kamar kaset ba, suna jin duk abin da ka faɗa, kuma kana iya rikita su. Sannan in ka koma gida, kada ka faɗa wa waɗanda ba su gani ba yadda aka ƙare. A birnin Landan akwai wani wasa na Agatha Christie, The Mousetrap, da aka fara a 1952, wanda a ƙarshensa ake roƙon 'yan kallo su riƙe sirrin wanda ya yi kisan.

Game da suna kuwa, maganinsa a hannunka yake. In an tashi, ka je gaban jama'a ka dafa kafaɗar yaron, ka sa masa albarka. Wanda ya ga uba ya yi haka, bakinsa ya mutu. Ka kuma sani, malami ba ya ba da matsayi mai wuya sai ga yaro mai kai da haddar magana.

Allah ya raya shi, ya ba mu damina mai albarka. Sai mun ji daga gare ku.