Jiragen Kainji da Dajin Falgore: Makaman da Ake Saya da Tsaron Mai Noman Rani

Lacca da aka gabatar a Kura, gaban manoman rani da malaman makaranta da ɗalibai na yankin Kura da Bunkure da Garun Malam.

  

Da aka sanar da batun wannan zama, na tabbata akwai wanda ya ce a ransa: ina ruwan mai shinkafa da jirgin yaƙi? To bari mu fara da kuɗi, tunda shi kowa ya san harshensa. A 2014 Bankin Duniya ya amince ya ba Najeriya rancen dala miliyan 495 domin shirin TRIMING, wato gyaran manyan wuraren noman rani na Arewa: namu na Kogin Kano da Tiga ke shayarwa, da na Kwarin Haɗeja, da Bakolori, da na Rima, da Dadin Kowa. Da yawanku kun ga motocin aikin a bakin magudanai, wasu ma sun yi haƙurin rasa noman wata shekara saboda an rufe ruwa. A 2018 kuma, Shugaba Muhammadu Buhari ya rubuta wa Majalisar Tarayya cewa ya ciri dala miliyan 496 daga asusun rarar man fetur ya biya Amurka kuɗin jiragen yaƙi 12 samfurin Super Tucano da makamansu da horar da matuƙansu. Kusan kuɗi ɗaya ne. Wancan rance ne da 'ya'yanmu za su biya, wannan kuwa tsaba aka zube.

Ban kawo wannan don in ce kada a sayi jirgi ba. Wanda ya tuna ranar 28 ga Nuwamban 2020 ba zai faɗi haka ba. Ranar ce 'yan Boko Haram suka iske manoman Zabarmari a gonakin shinkafa na Koshobe a Jihar Borno, suna tsaka da yanka, suka yi musu yankan rago. Washegari aka yi jana'izar mutum 43. Sana'arku ɗaya da su, lauje iri ɗaya kuke riƙewa. Gonar da ba a iya zuwa, ko da ruwa na gudu a cikinta rani da damina, ba gona ba ce. Don haka tambayata ba "a saya ko kada a saya" ba ce. Tambayata ita ce: me ke mayar da ƙarfen da aka saya ya zama tsaro ga mutumin da ke duƙe a fadama?

Labarin Super Tucano kansa darasi ne. Najeriya ta daɗe tana neman makamai daga Amurka ana ja mata rai. A 2014 Amurka ta hana Isra'ila ta sayar mana da jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra, bisa zargin sojojinmu da take haƙƙin ɗan Adam. A shekarar ce kuma hukumomin Afirka ta Kudu suka kama tsabar kuɗi dala miliyan 9.3 a cikin wani jirgi da ya taso daga Najeriya, aka ce na sayen makamai ne. Bayan sauyin gwamnati a 2015 aka gurfanar da tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Kanar Sambo Dasuki, kan zargin karkatar da kuɗin makamai da aka ƙiyasta dala biliyan 2.1. Gwamnatin Obama ta jingine cinikin Tucano, ta Trump ta sake shi a 2017. Sai ranar 22 ga Yulin 2021 shida na farko suka sauka, kuma a nan Kano suka fara taɓa ƙasar Najeriya kafin a wuce da su mazauninsu a Kainji. Kwana huɗu kafin nan, 'yan bindiga sun harbo jirgin Alpha Jet a Zamfara, matuƙin ya yi tsalle da laima ya tsira da ƙyar. A mako guda muka ga abin da gwamnati ta saya da abin da ke hannun mutanen daji.

Ko bayan isowarsu, an yi ta ce-ce-ku-ce a kan ko sharuɗɗan cinikin sun yarda a yi amfani da su kan 'yan bindigar Arewa maso Yamma ko kuwa Boko Haram kawai. A Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindigar a matsayin 'yan ta'adda, gwamnati ta buga hukuncin a jaridarta a farkon 2022. Kaya naka, kuɗi naka, amma sai ka waiwayi mai sayarwa kafin ka ɗora harsashi.

Wannan jan rai ne ya sa Najeriya ta bazama kasuwa ko'ina. Tankokin VT-4 sun zo daga Sin a 2020, tare da jirage marasa matuƙa na can. Jiragen JF-17 guda uku sun zo daga Pakistan a 2021. Turkiyya ta sayar mana da masu saukar ungulu T-129. An yi odar jiragen M-346 guda 24 daga Italiya. A 2022 Amurka ta amince da sayar da masu saukar ungulu AH-1Z guda 12, cinikin da aka ƙiyasta kusan dala biliyan ɗaya. Ga kuma tsofaffin na Rasha da muke da su tun da can. Hikimar a fili take: kada ka rataya wuyanka a igiyar mutum ɗaya. Amma akwai tsadar da ba a faɗa a ranar ƙaddamarwa, kuma ku kun fi kowa saninta. Duk wanda ya taɓa mallakar injin ban-ruwa ya san kuɗin saye shi ne ƙaramin kuɗi. Fetur, baƙin mai, fulogi, tiyo, da bakaniken da ya san cikinsa, su ne ke cin mutum. Yanzu ku ɗauka manomi ɗaya yana da injina shida, kowanne daga ƙasa daban, kayan gyaran wannan ba sa shiga wancan, kowanne da nasa bakanike, kuma duk da dala ake sayen kayan. Haka rundunar samanmu take. Jirgin da ke jiran kayan gyara daga Turai yana cikin lissafin da ake karanta mana, amma ba ya cikin sama. Kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kowace ƙusa ta waɗannan jirage ta ninka kuɗi.

Muna da masana'antar ƙera makamai ta DICON a Kaduna tun 1964. An ƙaddamar da jirgi maras matuƙi na gida mai suna Tsaigumi a 2018, da motar sulke Ezugwu a 2019, an kuma sabunta dokar masana'antar a 2023. Ana motsi, sai dai shekara 60 ta wuce a ce har yanzu motsi ake.

Inda zan ɗan daɗe shi ne batun ido, domin nan ne ƙarfe ke juyowa kan mai shi. Ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin sojan samanmu ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira a Rann, aka rasa mutum fiye da 100, har da ma'aikatan agaji. Ranar 3 ga Disamban 2023 jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya kai hari kan masu Maulidi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi ta Kaduna, hukumar agajin gaggawa ta ce mutum 85 aka binne. Rundunar ta amsa kuskurenta, wannan kam a yaba mata. Amma ku duba: na'urar ba ta lalace ba. Ta tashi lafiya, ta ga taro, ta sami abin da aka auna. Abin da ya ɓace shi ne mutum ɗaya a ƙasa da zai ce wa mai danna maɓallin: waɗannan masu yabon Annabi ne, dagacinsu wane ne, kowace shekara nan suke taruwa. Daga sama, taron Maulidi da taron ɓarayin daji kamanninsu ɗaya. Haka ma ayarin babura da ke tafiya kasuwar Kwanar Gafan da asuba lokacin tumatir, ko 'yan ci-rani talatin da suka kunna wuta a bakin gona bayan sun gama yankan shinkafa. Ina so ku riƙe wannan hoton, ku da kuke ɗaukar leburori daga Katsina da Jigawa har da Nijar. Makami yana ƙara nisan hannu, ba ya ƙara sanin mutane. Sanin mutane yana wurin mai unguwa da liman da sarkin noma da arɗon Fulani, kuma ba ya isa ga soja sai idan waɗannan sun amince cewa wanda ya kai rahoto yau ba za a tsinci gawarsa jibi ba.

Mu ƙetara iyaka. Maƙwabtanmu ma suna saye. Nijar ta karɓi jirage marasa matuƙa na Turkiyya, Bayraktar TB2 guda shida, a 2022. Mali da Burkina Faso ma sun mallake su. Arha ne idan aka kwatanta da jirgin yaƙi, kuma Turkiyya ba ta cika tambaya ba. Ta fuskar atisaye kuwa, tun 2005 Amurka ke shirya wanda ake kira Flintlock, tana tara sojojin yankin Sahel da na Turai. Nijar ta karɓi baƙuncinsa a 2014 da 2018. Amurkawa suka gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadez da kuɗin da ya haura dala miliyan 100. Sai juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya zo, Janar Abdourahamane Tiani ya kifar da Shugaba Mohamed Bazoum. Kun tuna abin da ya biyo baya, domin ya taɓa aljihunku: ECOWAS ta yi barazanar yaƙi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da Najeriya ke ba Nijar, motocin kaya suka yi layi a Jibiya da Illela da Maigatari. Sojojin Faransa suka fice a ƙarshen 2023, na Amurka suka kammala ficewa a Satumban 2024. Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancensu na AES, suka bar ECOWAS a Janairun 2025.

A Mayun 2024 waɗannan ƙasashe uku, tare da Chadi da Togo, suka yi babban atisaye mai suna Tarha Nakal a Tillia, cikin Jihar Tawa. Babu Najeriya a ciki. A Maris ɗin 2025 Nijar ta sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi, wadda aka farfaɗo da ita a 2015 da hedikwata a Njamena. An dai yi ƙoƙarin ɗinke ɓarakar: babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin, Janar Christopher Musa, ya je Yamai a Agustan 2024 ya gana da takwaransa Janar Moussa Salaou Barmou. Amma ga hali nan. Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, mutanen ɓangarorin biyu harshe ɗaya, auratayya ɗaya. Ɓarawon da ya kora shanu daga Zurmi ya san hanyar Maraɗi, Lakurawan da suka addabi Tangaza da Gudu ba su nemi biza ba. Su kullum atisayen haɗin gwiwa suke yi. Sojojin ƙasashen biyu ne kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya yana horo da baƙo na nesa. A ganina, atisaye ɗaya na gaskiya tsakanin dakarun Katsina da na Maraɗi, inda kwamandoji za su san muryar juna a waya, ya fi amfani ga manomin Jibiya fiye da ƙarin jirage biyu a Kainji.

Kada ku ce duk wannan nesa ne. Ruwan da ke shiga gonakinku daga Tiga yake, madatsar da aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma Kogin Kano da ke cika ta ta cikin dajin Falgore yake ratsowa. A wajejen 2015 da 2016 dajin nan ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, har matafiya kan hanyar Jos suka riƙa gudun bin ta da dare. Mutanen Tudun Wada da Doguwa ba su manta ba. Sojan ƙasa, ƙarƙashin Janar Tukur Buratai, ya fara atisayen Harbin Kunama a dajin Ɗansadau na Zamfara a 2016, kashi na biyu a 2017 ya haɗa da Kudancin Kaduna da Falgore. Bambancin wuraren biyu shi ne abin lura. A Ɗansadau an shiga da ƙarfi, shugaban ƙasa da kansa ya halarta sanye da kakin soja, aka fito, 'yan bindiga suka koma. A Falgore, gwamnatin Abdullahi Ganduje da rundunar soja suka mayar da wani sashe na dajin filin horar da sojoji na dindindin. Ba zan ce an gama da matsalar ba, daji ne mai faɗi da ya haɗa Kano da Kaduna da Bauchi. Amma bai zama Ɗansadau ba, kuma ina ganin zaman da aka yi a cikinsa yana cikin dalilai. Barikin da ke daji yana buƙatar rijiya da hanya da albashi kan lokaci da abincin da ya isa. Babu wanda ke yanka kintinkiri don an biya kurtu alawus ɗinsa, shi ya sa wannan sashe na kasafi ne aka fi saurin mantawa da shi.

To me ya rage gare mu a nan? Kasafin tsaro a Majalisar Tarayya ake amincewa da shi, kuma muna da wakilai a can: na mazaɓar Kura da Madobi da Garun Malam, da na Rano da Bunkure da Kibiya, da sanatan Kano ta Tsakiya da na Kano ta Kudu. Idan sun zo taron jin ra'ayi, ko sun zo neman ƙuri'a, bayan kun gama maganar taki da kacallar da ke toshe magudanai, ku ƙara musu wata. Cikin jiragen da aka saya, nawa ne ke iya tashi a yau? Nawa aka ware don gyara, nawa don sabon saye? Me aka yi wa iyalan Tudun Biri, kuma wace ƙa'ida aka canza kafin a sake danna maɓalli? Sojojin Falgore nawa ne, kuma wace lamba dagacin ƙauyen da ke bakin Tiga zai kira da tsakar dare a ɗauka? Za a ce muku sirrin tsaro ne. Inda jirgi zai kai hari gobe sirri ne, mun yarda. Kuɗin da aka biya da abin da aka karɓa ba sirri ba ne ga mai sayarwa, domin Amurka tana sanar da majalisarta farashin irin waɗannan cinikai a fili, kowa na iya karantawa.

Shugaban taro, na ga ɗalibai sun fara ɗaga hannu, ga kuma la'asar ta kusa. Na miƙa maka abin magana.