Makarantar Cikin Waya Da Gidan Talaka: Lacca Ga Jama'ar Tambuwal Da Kebbe

Iyayenmu maza da mata, 'yan'uwanmu masu awo da masu tireda, mahauta da 'yan koli, mun gode da kuka bar rumfunanku kuka zo. Maganarmu ta yau a kan 'ya'yanmu take, da abin da ke samun gidan talaka ran da aka rufe makaranta aka ce yara su yi karatu a gida.

Kun tuna shekarar 2020. A watan Maris ciwon korona ya sa aka kulle makarantun ƙasar nan duka. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare kaɗai aka kira a watan Agusta don jarrabawar WAEC, sauran yara kuwa suka haura wata shida a gida. Manya suka ce ba kome, ai ana karatu ta intanet, watau malami yana can, yaro yana nan, waya ko kwamfuta ta haɗa su. A jiharmu kuma aka riƙa sa darussa a rediyo da talabijin.

To, mu auna wannan magana da mudun gidanmu. Karatun intanet yana bukatar abu huɗu: babbar waya, kuɗin data, wutar caji, da wani mai ilmin boko a kusa da yaro. Ɗan mai hali a birnin Sakkwato yana da huɗun nan. Mutumin Jabo ko na Kuchi fa? Waya ɗaya ce a gidan, tana aljihun maigida. Da ita yake jin farashin gero da albasa, da ita yake fita kasuwa tun da sassafe. Caji ma sai an kai shago an biya. Ga yara biyar, kowa da ajinsa. Wa za a ba, wa za a hana?

Sa'an nan ku dubi uwargida. Tana daka, tana girki, tana soya ƙuli don ta sami na sabulu, sai aka wayi gari ita ce malama, alhali ita kanta ba a sa ta makarantar boko ba. Yaro ya kawo mata lissafi, ta ce ya jira babansa. Baba ya dawo bayan magariba a gajiye, ya ce sai gobe. Rufewar nan kuwa ta ci damina ɗungum, daga shuka har kusan kaka. Yaro ya ɗauki fartanya ya bi gona, yarinya ta ɗauki faranti ta bi talla. Ba mu ga laifin iyaye ba, gama ciki ba ya jiran a buɗe makaranta. Amma kowa a nan ya sani, yaron da ya ɗanɗana kuɗin hannunsa da wuya ya koma kan benci, yarinyar da ta daɗe a gida kuma masu neman aure ba su barinta.

Kada wani ya ce ai korona ta wuce. A watan Satumba na 2021 an yanke layin waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga. Ranar da babu layi, ina makarantar cikin waya? A watan Nuwamba na 2025 kuma, bayan sace 'yan mata a makarantar Maga ta jihar Kebbi, gwamnatin tarayya ta ba da umurnin rufe makarantunta na kwana masu yawa, har da Kwalejin 'Yan Mata ta Tambuwal. Ashe abin da ya mai da yara gida jiya yana iya mai da su gobe. A 2022 an buɗe wani dandalin karatu na intanet mai suna Nigeria Learning Passport. Madalla da shi, amma sai mai waya ko kwamfuta ke morarsa.

Saboda haka tun ran gini ran zane. Ga abin da muke nema wurin hukuma. Na ɗaya, a ajiye darussan rediyo a shirye, cikin Hausa da Fulatanci, da lokaci tsayayye wanda kowa ya sani, a kuma maimaita su bayan lisha sa'ad da aka dawo daga gona da kasuwa. Da tsohuwar zuma ake magani: rediyo ba ta cin data, kuma yara ashirin suna iya kewaye akwati guda. Na biyu, a buga takardun aiki a ba hedimastoci su raba. Na uku, tun da albashin malamai daga dukiyar jama'a yake fita, malami ya riƙa zagayowa unguwa sau ɗaya a mako yana duba abin da yara suka rubuta. Ku tambayi kansilanku wannan, ku tambayi shugaban ƙaramar hukuma, kada ku ji nauyin kowa.

Mu ma da namu aikin, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace unguwa, daga Dogon Daji har Sanyinna, daga Girkau har Margai, ta keɓe zaure guda. 'Yan kasuwa mu yi karo-karo mu sayi rediyo mai cin hasken rana, da allo da alli. Samarinmu da 'yan matanmu da suka gama sakandare su zauna da ƙannensu. Iyaye mata, ku ba yarinya awa guda kafin ta ɗauki faranti, cinikin ba zai gudu ba. Ran da aka buɗe makaranta kuma, mu ƙirga yaran unguwa ɗaya ɗaya, wanda bai koma ba mu je mu sallama wa ubansa.

Jama'a, ɗan mai hali ko an rufe makaranta shekara guda ba zai rasa malami ba. Namu ne ke tsayawa, kuma su ne gobe za a ce ba su da takardar neman aiki. Ku kai wannan magana gida, ku faɗa wa waɗanda ba su zo ba.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu zaman lafiya. Wassalam.