Makulli Na Huɗu: Tsaron Kuɗin Ƙungiya Da Ke Cikin Waya

Yau a kan waya za mu yi magana, da kuɗin da ke cikinta.

Ku dubi akwatinmu. Kwaɗo uku ne, makulli uku, a hannun mata uku, kuma ba a buɗe shi sai kowa na zaune. Wannan tsari a Maraɗi ya faro cikin 1991, da ƙungiyoyin Mata Masu Dubara waɗanda CARE ta tallafa wa. Hikimarsa ita ce mutum ɗaya ba ya iya taɓa kuɗin jama'a. To amma tun farkon 2023, da aka shiga ƙarancin takardun kuɗi bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira, da yawanmu muka koma tura kuɗi ta waya da cirewa wurin mai POS. Wani ɓangare na zubinmu yanzu ba ya cikin akwati, yana asusun banki. Shi kuwa asusun, makullinsa ɗaya ne tak: lambar sirri. Ita nake kira makulli na huɗu, kuma ita ɓarawo ke nema.

Ɗan damfara ba ya haura katanga. Abu uku yake so: lambar sirrinki, da lambar da banki ke turowa ta saƙo idan za a fitar da kuɗi, da layin wayarki. Zai kira da murya mai daɗi, "Hajiya, daga banki ne." Zai faɗi sunanki cikakke, wataƙila har da BVN ɗinki. Kada wannan ya ruɗe ki. BVN lamba ce guda 11 da aka fara bayarwa a 2014, NIN ma lamba 11 ce, kuma mun sha rubuta su a takardu iri-iri da suka bi hannun mutane. Wanda ya san sunanki bai zama ma'aikacin banki ba. Ku riƙe wannan da kyau: banki ba ya kira ya tambayi lambar sirri, ko lambar da ya turo, ko lambobin jikin katin ATM. Duk wanda ya tambaya, ɓarawo ne, ko da sallamarsa ta fi ta liman.

Ga hanyoyin da suka fi biyowa a nan yankinmu. Ta farko tsoratarwa: "Yau za a rufe asusunki in ba ki faɗi lambar ba." Ta biyu kwaɗaitarwa: saƙo a WhatsApp cewa ana rabon taki ko tallafin mata, a latsa nan a cike, ko a biya kuɗin rajista. Ta uku ita ce alat na bogi lokacin kaka. Kin kai masara ko waken suya kasuwar Funtuwa, ko Dandume, ko Malumfashi, mai saye ya nuna miki wayarsa ya ce ya tura, har saƙo ya shigo miki. Saƙo ba kuɗi ba ne, ana iya ƙirƙirar sa. Ki duba abin da ke cikin asusunki da kanki kafin a ɗaga buhu. Ta huɗu, masu cewa ki zuba dubu goma ta zama ashirin cikin wata. MMM ta tsaya da kuɗin jama'a a Disamban 2016, CBEX ta rufe a Afrilun 2025. Suna ne kawai ke sauyawa: da kuɗin na baya ake biyan na gaba, ranar da sababbi suka daina shigowa, shi ke nan.

Akwai abin da masu binciken tsaron waya da intanet ke nanatawa: kariya kaɗai ba ta isa ba, dole a shirya yadda za a miƙe in abin ya faru. Mu ma mun ga misalinsa. A Satumban 2021 an katse sabis a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Funtuwa, Bakori da Malumfashi, aka yi watanni ba kira ba tura kuɗi. A irin wannan hali, ƙungiyar da lissafinta ke cikin littafi za ta ci gaba da zamanta. Wadda ta bar komai a wayar mutum ɗaya kuwa, sai jira. Saboda haka littafi bai tsufa ba. Duk abin da ya shiga ko ya fita ta waya, sakatariya ta rubuta shi da biro a ranar.

Ga ƙa'idojin da nake so mu tattauna, in mun amince mu sa su cikin dokokin ƙungiya.

Na ɗaya, asusun ƙungiya da sunan ƙungiya za a buɗe shi, ba da sunan ma'aji ko mijinta ba. Mutum uku su sa hannu, kada kuɗi ya fita sai biyu sun amince.

Na biyu, saƙon banki ya riƙa zuwa wayar wata wadda ba ma'aji ba, a karanta shi da ƙarfi a kowane zama, a gwada da littafi. Wannan ba zargi ba ne, kare mutuncin ma'ajin ne.

Na uku, kowace mace ta danna lambarta da hannunta a wurin mai POS, ta rufe da mayafi. Inna, ko ba ki karatu, za ki iya haddace wuraren lamba huɗu, kamar yadda kika haddace zubin kowa. Kada a rubuta ta a bayan kati, kada a zaɓi 1234 ko shekarar haihuwa.

Na huɗu, a sa wa layi lambar sirri tasa, ban da ta waya. In aka sace waya, ɓarawo kan cire layin ya sa a wata, ya nemi shiga asusu ta nan. Layin da ke kulle ba zai yi masa amfani ba. A nemi wanda ya iya ya nuna, domin in aka yi kuskure sau uku layin kan toshe.

Na biyar, mu ajiye a bankin da ke da lasisi kuma yake ƙarƙashin inshorar NDIC. Tun 2024, in banki ya durƙushe, hukumar na biyan mai ajiya har naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma. Amma ku lura, wannan na durƙushewar banki ne, ba ya biyan wadda ta ba ɗan damfara lambarta.

To in ƙaddara ta faɗa fa? Sa'ar farko ita ce komai, domin kuɗin da aka sata ana rarraba shi zuwa wasu asusun nan take. Ki kira bankin ta lambar da ke bayan katinki, ba lambar da ta kira ki ba, ki ce a rufe asusun. Bankuna da yawa suna da gajeriyar lamba ta rufe asusu ko da wayar wani ce. Kowace ta tambayi ta bankinta, mu rubuta su a bangon littafi. Ki je ofishin kamfanin layi a toshe layin. Kada ki goge saƙonnin, su ne shaida. Ki kai rahoto wurin 'yan sanda, domin tun 2015 akwai dokar hukunta masu laifi ta intanet. In banki ya riƙe ƙorafinki mako biyu bai warware ba, ana iya kai shi sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki.

Sannan ki faɗa mana. Na san kunya ce ke sa a yi shiru, ana tsoron faɗan maigida ko dariyar kishiya. Shirun nan shi ɓarawo ke so, don gobe ya kira maƙwabciyarki da zance iri ɗaya. An damfari 'yan boko, an damfari manyan 'yan kasuwa. A zamanmu ba za a yi wa kowa dariya ba.

Manyan kamfanoni kan tura wa ma'aikatansu saƙon ƙarya da gangan, don su ga wa zai faɗa, su koya masa. Mu ma yanzu za mu yi namu gwajin. Ku zauna biyu-biyu, ɗaya ta zama mai kira daga banki, ta yi daɗin baki iyakar iyawarta. Ɗayar amsarta guda ce: "Zan zo banki da ƙafata," ta kashe waya. Sai ku sauya. Bakin da ya saba faɗa ba ya rikicewa ranar da abin ya zo da gaske.

Kafin zama mai zuwa, sakatariya ta bi kowa da tambaya uku: wa ya san lambarki ban da ke, da sunan wa aka yi rajistar layinki, kuma wane irin kira ko saƙo na damfara kika taɓa samu? Ba sai an rubuta suna ba. Abin da muka tara zai nuna mana inda ɓarakarmu take, bayan wata uku mu sake tambaya mu ga ko an samu sauyi.

Allah Ya tsare mana guminmu, Ya sa albarka a zubinmu. Bismillah, a fara gwajin.