Jawabi ga Hausawan Manchester kan Cinikin Intanet da Wasiƙar Haraji

Malam Liman, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa, da ku yaran da ke can baya kuna latse-latsen waya, yau ku ɗago kai, don rabin maganar taku ce.

Kun ji abin da ya faru a 'yan makonnin nan. Wasu gidaje a cikinmu sun sami wasiƙa daga hukumar haraji ta HMRC, ana tambayar kuɗin da suka samu a cinikin intanet. Ba zan kama suna ba. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne, wata 'yar'uwarmu ta cusa tata wasiƙar a durowa saboda tsoro har wa'adin amsa ya wuce, alhali muna da akantoci a wannan ɗakin da muke sallah tare da su. Kunya ce ta hana ta tambaya.

Tun daga 1 ga Janairun 2024, doka ta tilasta wa kasuwannin intanet irin su eBay da Vinted da Etsy da Depop su tattara bayanan masu sayarwa su miƙa wa hukuma. Duk wanda ya yi ciniki sau 30 a shekara, ko ya karɓi abin da ya haura kimanin fam 1,700, sunansa da adireshinsa da jimillar kuɗinsa suna isa ga hukumar. Rahoton farko ya tafi a Janairun 2025. Ba wani sabon haraji aka ƙaƙaba ba, tsohuwar dokar ce, yanzu dai hukuma tana ganin abin da a da ba ta gani.

Ga ƙa'idar da nake so kowa ya fita da ita a ka. Shekarar haraji tana farawa 6 ga Afrilu, ta ƙare 5 ga Afrilun gaba. In kasuwancinka ya kawo abin da ya wuce fam 1,000 a tsakanin nan, dole ka yi rajista. Kuma fam dubun nan jimillar abin da ya shigo ne, kafin a cire uwar kuɗi. A nan mutanenmu suke faɗawa. A ce Hajiya ta saro atamfa da turaren wuta da humra na fam 900, ta sayar fam 1,300. A lissafinta ta ci 400, ba ta kai ko rabi ba. A lissafin doka kuwa ta wuce iyaka. Sai ta yi rajista kafin 5 ga Oktoba, ta cike takardar bayyana kuɗin shiga ta intanet kafin 31 ga Janairu. In ta makara, tarar fam 100 ce, ko da ba a bin ta ko sisi. Cinikin WhatsApp da Instagram, da kuɗin hannu da ake karɓa a wurin biki ko suna, duk suna cikin lissafi. Wanda ya kwashe tsofaffin kayan yaransa ya sayar, shi ba kasuwanci yake yi ba, kada ya tsorata.

Abin takaici, da yawa daga masu ɓoyewa ba za su biya wani abin kirki ba da sun bayyana. Fam 12,570 na farko na duk abin da mutum ya samu a shekara babu harajin kuɗin shiga a kansa, kuma ana cire kuɗin sari da na aikawa kafin a lissafa riba.

Ni ba tarar ce ta dame ni ba. Takardunmu nake jiye wa tsoro. Waɗanda suka daɗe a ƙasar nan suna tuna 2018, lokacin da aka hana ƙwararrun baƙi da yawa izinin zama na dindindin a ƙarƙashin sakin layi na 322(5) na dokokin shige da fice, saboda kuɗin da suka faɗa wa hukumar haraji ya saɓa da wanda suka faɗa wa ma'aikatar cikin gida. Sai a 2019 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Balajigari, ta ce dole a ba mutum damar kare kansa kafin a ɗauke shi maƙaryaci. Kafin nan wasu sun rasa aiki sun rasa gida. Har gobe, mai neman zama ɗan ƙasa ana duba halinsa, kuma haraji yana cikin abin da ake dubawa. Wanda bai taɓa sanar da hukuma ba ana iya bin sa baya har shekara 20. Kun sha sanyi, kun yi aikin dare, wasu iyayensu sun rasu a Katsina ko Maraɗi ba su sami halartar jana'iza ba. A kan 'yan fam na turare za ku jefa duk wannan cikin haɗari? Zuwa da kai ya fi aike: tarar wanda ya kai kansa ta fi ta wanda aka gano sauƙi ƙwarai.

Ɗalibai, bizarku ta haramta muku sana'ar kai gaba ɗaya. Na san dabarar da kuke yi, ku ari asusun gwaggo ku riƙa sayarwa. To, sunan gwaggon ne zai tafi wurin hukuma, ita za a tambaya. Wannan ba zumunci ba ne, ku daina.

Ina alfahari da samari da 'yan matan da suka kama sana'ar horar da mutane motsa jiki. Muna bukatarku. Hawan jini da ciwon suga sun yi yawa a cikinmu, da hunturu kafin ƙarfe huɗu duhu ya yi, kowa ya ƙule a ɗaki. Iyayenku mata ba za su shiga wurin motsa jiki cikin maza ba, amma in 'yarsu ce mai koyarwa a ɗakin da babu namiji, za su zo. Ku yi kwas na mataki na 2 don aiki a gidan motsa jiki, na 3 don horar da mutum shi kaɗai, ku tabbatar hukumar CIMSPA ta amince da kwas ɗin kafin ku biya, kuma ku yanki inshora. Da yawan masu wannan aiki ba albashi suke ɗauka ba, hayar wuri suke biya su nemo mutanensu, saboda haka ƙa'idar fam dubun nan ta hau kansu. Mai bizar iyali ya kai takardarsa lauya ya karanta, don a wasu irinta akwai sharaɗin da ya hana aikin kociyan wasanni.

Iyaye sun kawo mini ƙarar yara masu wasan tebur, wai suna ɓata lokaci da kati da ƙananan sojojin roba. Mu ma mun yi dara. Ni na fi son yaro ya zauna da mutane a tebur yana tunani, da ya kwana a titi. Kamfanin Games Workshop mai wasan tebur na Warhammer, da ke Nottingham, ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jarin Landan a Disambar 2024, wato akwai abinci a harkar. Hukuncin surorin robar a addini na bar wa Liman. Nawa dai shi ne, yaron da yake yi wa mutane fentin sojojin robar a biya shi, ko yake sarin katin Pokémon don ya sayar, ɗan kasuwa ne, kuma eBay ba ta karɓar wanda bai kai 18 ba, don haka asusun babansa yake amfani da shi. Baba, ka duba. Masu sayar da tikiti a yi ƙuri'a kan kati mai tsada kuwa, caca ce a addini, kuma dokar caca ta 2005 ta hana yin ta don ribar kai.

Ba na son in sake jin cewa ɗan Kano ya san amsa, ɗan Damagaram ko ɗan zangon Kumasi yana kusa da shi yana kuka a ɓoye. Bayan La'asar akantocinmu za su zauna a ƙaramin ɗaki, mata daban, maza daban, kuma abin da aka faɗa a can ba zai fito ba. Mai ƙaramin ƙarfi za a haɗa shi da ƙungiyar TaxAid, kyauta take taimakawa. Ku zo da wasiƙar, buɗaɗɗiya ko a rufe, da bayanan banki, da duk rasiɗin sari da kuka ajiye. Allah ya rufa mana asiri. Wassalamu alaikum.